Garayar Ailan ta rayu, tamu fa?

'Yan uwa ɗalibai, a tsibirin Achill na ƙasar Ailan ana bikin garayarsu mai tsirkiya barkatai, a kaɗa, a karanta waƙoƙi. Wasu za su ce ɓarnar kuɗi ce. Ni kam ban yarda ba.

A 1792, da aka tara makaɗanta a Belfast, 'yan ƙasar goma kacal suka zo, yawancinsu dattawa. Edward Bunting, ɗan shekara 19, ya rubuta kiɗansu, shi ya sa kiɗan bai bi su kabari ba. Yau hoton garayar na kan kuɗinsu.

Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015. Waye cikinmu ke koyon kuntigi? A makon ɗalibai mai zuwa, don Allah a rage wa DJ awa guda, a ba mai gurmi da masu waƙar baka.