Golmo Ba Sayen Baiwa Ba Ne

'Yan'uwana mata, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk matar da ta kai kukan mijinta gaban dattawan ikilisiya, daga Dirin Daji har cikin Zuru, amsa ɗaya ake ba ta: "Ki yi haƙuri, ki koma ɗakinki." To shi maigidan fa, wa ke ce masa ya yi haƙuri?

Za ki ji namiji na bugun ƙirji, wai ya yi golmo, ya shekara 7 yana noma a gonar surukinsa, saboda haka ba a ce masa a'a. Ko tana jego, ko ta yini a gona bayanta na ciwo, dole ne. In ta ƙi, sai mari. Haba malam! Yakubu ma ai shekara 7 ya yi wa Laban aiki domin Rahila, kuma ƙauna ce ta sa shi. Kakanninmu sun kafa golmo ne don a ga ko saurayi zai iya riƙe 'yar mutane. Ba kasuwar Ribah aka je aka sayo akuya ba.

Masu wa'azi kuwa sun iya Afisawa sura 5 kamar ruwa, amma a kan biyayyar mace suke tsayawa, su tsallake nauyin da aka ɗora wa miji. Ku buɗe 1 Korantiyawa sura 7 da kanku, za ku ga Bulus ya ba miji da mata hakki iri ɗaya a kan jikin juna. Abin da ake yi da yardar biyu, da hira, da wasa da dariya, shi ne kwanciyar aure. Wanda ake yi mace na hawaye tana danne baki kada yara su ji, wannan zalunci ne, ko da a gaban fasto aka ɗaura auren.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne halin matan da 'yan bindiga suka ɓata tun da suka addabi ƙasar Sakaba da Danko-Wasagu a 2021 da 2022. Mace ta tsira da ranta, ta dawo gida, sai miji ya juya mata baya, ko ya matsa mata tun jikinta bai daina rawa ba. Laifin me ta yi? Tamar 'yar Dauda ma ɗan'uwanta Absalom shiru ya sa ta yi, ta ƙare zaune a gidansa cikin baƙin ciki. Shirun nan bai warkar da kowa ba, gidan Dauda ma jini ya jawo masa.

'Yar'uwa, in an yi miki haka, ki je asibiti kafin awa 72 ta cika, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kare kamuwa da ƙanjamau ke aiki. Ki sani kuma tun 2015 gwamnatin tarayya ta yi dokar hana cin zarafi, wadda ta haramta dukan matar aure. Tsoron da kike ji in an taɓa ki ba aljani ba ne, ba kuma ƙarancin bangaskiya ba ne, ciwo ne mai bukatar lokaci da miji mai iya jira.

Ku kuma iyayenmu na Zumuntar Mata, ran da irin wannan mace ta shigo taro da kumburin ido, kada ku tsaya a addu'a kawai. Ku ba ta wurin kwana, ku raka ta asibiti, sa'an nan ku sa a kira mijin gaban dattawa.