Kimiyya Da Sana'a: Rumfar Gwaji, A Kafa Da Safe A Kwashe Da Yamma

A cikin watan Afrilu na shekarar 2018 wani banki na ƙasar Birtaniya mai suna TSB ya tashi kwashe asusun masu ajiyarsa daga tsohuwar na'ura zuwa sabuwa. An tsara a gama aikin cikin hutun ƙarshen mako guda, jama'a su wayi gari ran Litinin su tarar da kome daidai. Amma da gari ya waye sai mutane wajen miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, waɗansu ma da suka samu shiga sai suka iske lissafin kuɗin waɗansu mutane dabam. Aka yi makonni ana fama, shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka daga muƙaminsa a watan Satumba na wannan shekara, sa'an nan a watan Disamba na 2022 hukumomin kula da bankuna suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65.

Lauyoyin da aka ɗora wa binciken al'amarin sun fito da rahotonsu a watan Nuwamba na 2019. Daga cikin abin da suka gano akwai cewa sabuwar na'urar tana zaune ne a cibiyoyi biyu da ya kamata su zama tamkar tagwaye, alhali kuwa ba a saita su iri ɗaya ba, kuma muhimmin gwajin da aka yi a kan cibiya ɗaya kawai aka yi shi. Watau dai an yi gwaji, amma wurin da aka gwada bai yi daidai da wurin da aka yi aikin gaske ba. Wannan ita ce matsalar da ta daɗe tana damun masu rubuta manhajar kwamfuta ko'ina a duniya, ita ce kuma dalilin wata dabara da ta bazu cikin shekarun nan, ta kafa filin gwaji na wucin gadi a kan kwamfutocin haya duk sa'ad da aka bukata.

Kafin a shiga bayanin dabarar, ya kyautu mai karatu ya san yadda ake yi a da. Kamfani yakan tanadi filin gwaji guda ɗaya, watau kwamfutoci ƙalilan da aka keɓe, kowa ya kawo gyaransa nan ya gwada kafin a sake shi ga jama'a. In ma'aikata goma ne, to, goman nan duk rijiya ɗaya suke ɗiba. Wannan ya zuba nasa gyaran, kafin ya gama dubawa wancan ya ɗora nasa a kai, in abu ya lalace ba a san na wanda ya ɓata ba. Sai a koma bin layi, mutum ya gama aikinsa tun Talata amma ba zai sami fili ba sai Jumma'a. Banda wannan kuma, da yake da hannu ake saita filin, yau wani ya taɓa nan gobe wani ya sauya can ba tare da an rubuta ba, a kwana a tashi sai filin ya daina kama da wurin aikin gaske. Daga nan ne ake jin maganar nan da ta zama abin ba'a a tsakanin masu sana'ar, cewa ai a kan kwamfutata yana aiki.

Haɗarin saita na'ura da hannu ba ƙarami ba ne. Gab da ran 1 ga watan Agusta na 2012 kamfanin Knight Capital na Amurka, mai hada-hadar hannun jari, ya sa sabuwar manhaja a kan manyan kwamfutocinsa guda takwas, sai aka yi mantuwa ba a sa wa ta takwas ɗin ba. Da kasuwa ta buɗe ran 1 ga watan, wannan guda ɗayar ta farfaɗo da wani tsohon umarni da aka daɗe da daina amfani da shi, ta shiga saye da sayarwa ba ji ba gani. Cikin minti 45 kamfanin ya yi hasarar kimanin dala miliyan 440.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka sa aka sami mafita. Na farko shi ne hayar kwamfuta ta intanet, abin da ake kira gajimare. A 2006 kamfanin Amazon ya fara ba da hayar kwamfuta a kan awa, a 2017 kuma ya koma lissafi da daƙiƙa, ta yadda mutum zai ɗauki na'ura ya yi aikin minti ashirin ya mayar, ya biya kuɗin minti ashirin kawai. Na biyu shi ne dabarar ƙunshe manhaja da duk abin da take bukata cikin kwantena guda, wadda Docker ya yayata tun daga 2013, sa'an nan Google ya saki Kubernetes a 2014 domin jera kwantenonin da lura da su. Na uku shi ne rubuta fasalin na'urorin baki ɗaya a takarda, kamar yadda magini yake da zanen gida, ta yadda manhaja irin su Terraform, wadda ita ma ta fito a 2014, za ta karanta ta gina abin da aka rubuta ba ragi ba ƙari, ko sau ɗari aka umarce ta.

Ga yadda aikin yake tafiya. Mai rubuta manhaja yakan yi gyaransa a wani reshe nasa na daban cikin ma'ajiyar rubutun kamfani, galibi a kan Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. In ya gama sai ya miƙa bukatar a haɗe reshen da uwar aiki. Miƙa bukatar nan ita ce take tada na'urar da ke gadi, irin su Jenkins ko GitHub Actions. Na'urar ta ɗauki rubutun ta ƙunshe shi cikin kwantena, ta ɗauko zanen ta kafa sabon fili a kan kwamfutocin haya, ta zuba masa rumbun bayanai na gwaji, ta bi jerin gwaje-gwajen da aka tanada, sa'an nan ta liƙa adireshin filin a jikin bukatar. Duk wanda abin ya shafa, ko mai duba inganci, ko mai tsara fasali, ko shugaban sashen da ya nemi gyaran, sai ya latsa adireshin ya ga abin da idonsa, gama gani ya kori ji. In an amince aka haɗe, ko kuwa aka yi watsi da gyaran, na'urar da kanta za ta rushe filin ta mayar da kwamfutocin. Kamar dai rumfar biki ce, a kafa da safe, in taro ya watse a kwashe. Kamfanin Heroku yana cikin waɗanda suka fara sayar da irin wannan hidima a shirye tun 2015, yanzu kuwa ta zama ruwan dare.

Amfanin da ya fi fitowa fili shi ne an daina bin layi, kuma laifin kowane gyara yana bayyana a filinsa shi kaɗai. Amma akwai wanda ya fi wannan nauyi. Tun da yake daga zane ɗaya ake gina filin gwaji da wurin aikin gaske, kowane fili da aka kafa gwaji ne ga zanen kansa. In akwai kuskure a saitin, za a gan shi sau da yawa a rana tun yana ƙarami, maimakon a haɗu da shi ran da dukiyar jama'a take kai. Sa'an nan gwajin da yake da sauƙi da araha shi ake yi kullum, mai wuya kuwa shi ake tsallakewa duk ran da manya suka matsa a gama aiki.

To, amma fa kada a yi wa rogo kallon kitse. Dabarar tana da sharuɗɗa, wanda ya ƙi kiyaye su zai sayi wahala da kuɗinsa.

Sharaɗi na farko shi ne kwashe rumfa. Kwamfutar haya ba ta san dare ba, ba ta san Lahadi ba, muddin tana kunne lissafi yana tafiya. Mako guda awa 168 ne, lokacin aiki kuwa bai wuce awa 40 ba, saboda haka filin da aka manta da shi a kunne ana biyan kuɗin awa 128 da ba wanda ya leƙa shi. Don haka masu hankali sukan sa wa kowane fili wa'adi tun ran da aka kafa shi, da sunan mai shi, da iyakar kuɗin da zai ci, in wa'adi ya cika na'ura ta rushe shi ba sai an nemi izinin kowa ba. Wannan ya fi shafar kamfanonin Nijeriya, domin manyan masu ba da hayar nan da dala suke yanka farashi, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 nauyin irin wannan sakaci ya ƙaru ƙwarai.

Na biyu shi ne tsare sirrin jama'a. Hanya mafi sauƙi ta cika filin gwaji ita ce a kwafo bayanan masu hulɗa na gaske a zuba, sunayensu da lambobin wayarsu da abin da ke cikin asusunsu. Wanda ya yi haka a fili hamsin ya buɗe ƙofa hamsin ga ɓarawo, ga shi kuwa filin gwaji ba ya samun tsaron da wurin aikin gaske yake samu. Dokar kare bayanan jama'a ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, da takwararta ta Nijeriya da aka sa wa hannu a 2023, ba su ɗauke wa kowa alhaki don ya ce gwaji yake yi ba. Abin da ya kamata shi ne a ƙirƙiri bayanan bogi, ko a shafe duk alamar da za ta nuna mutum kafin a kwafa, kuma kada a bar mabuɗan wurin aikin gaske su shiga filin gwaji. Haka nan a datse hanyar aika saƙo da ta biyan kuɗi, kada gwaji ya aika wa mutane dubu saƙon cewa an cire musu kuɗi.

Na uku shi ne sanin iyakar dabarar. Ƙaramin fili yana nuna ko gyara yana aiki, amma ba ya nuna abin da zai faru ran da mutum miliyan suka danno a lokaci guda. Wannan sai an yi masa gwaji na musamman a fili mai girman na gaske, kuma irin gwajin ke nan da aka gajarta a bankin TSB. Ko bayan an gwada, hikima ita ce a saki sabon abu kaɗan kaɗan. Ran 19 ga watan Yuli na 2024 kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani gyara mai aibi ga masu hulɗa da shi gaba ɗaya, kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 ne suka tsaya, aka soke tashin jirage, asibitoci da bankuna suka shiga wani hali. Daga baya kamfanin ya yi alkawarin riƙa sakin irin wannan gyara mataki mataki.

Kamfanin da yake son shiga wannan hanya ba sai ya rungumi kome a rana ɗaya ba. Ya fara da rubuta zanen na'urorinsa, ya tabbata zai iya rushe fili ya sake gina shi daga takarda ba tare da wani ya sa hannu ba. In wannan ya zauna sai ya haɗa shi da manhaja ɗaya, ya sa wa'adi da iyakar kuɗi, ya duba lissafin wata guda kafin ya faɗaɗa. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Mai karatu da bai taɓa rubuta manhaja ba yana da rabo a cikin wannan magana, domin albashinsa da cinikinsa da kuɗin makarantar 'ya'yansa duk ta cikin irin waɗannan na'urori suke bi a yau. Shugabannin bankuna da na kamfanonin biyan kuɗi ta waya su ne ya kamata su riƙa tambayar ma'aikatansu kafin a saki kowane gyara: a ina aka gwada shi, kuma wurin ya yi daidai da inda zai yi aiki? Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma yanzu da kafa filin gwaji ya koma aikin mintoci, ba sauran uzuri ga wanda ya mai da asusun jama'a wurin koyon hannunsa.