Ra'ayinmu: Sabunta Lasin Aiki

Da yawa daga cikinmu ɗalibai sun ɗauka cewa ranar karɓar digiri ita ce ranar sallama da littafi. To, ga wanda zai shiga aikin likita, ko lauya, ko injiniya, ko koyarwa, al'amarin ba haka yake ba. Jami'a ce ke ba da digiri, amma iznin aiki a Nijeriya yana hannun majalisun sana'a, kamar ta likitoci da aka kafa a 1963, da ta injiniyoyi a 1970, da ta rajistar malamai a 1993. Iznin nan kuwa aro ne, yana da wa'adi. Lauyan da bai biya kuɗin shekara ba kafin ƙarshen Maris, ba shi da bakin magana gaban alƙali. Likita kuma dole ya sabunta lasinsa kowace shekara, tare da shaidar maki 20 na ƙaro ilmi.

Wasu na ganin wannan haraji ne kawai. Mu ba mu yarda ba, ga kuma dalilinmu. Shekara da shekaru kulorokwin ne maganin farko na zazzaɓin cizon sauro. Da ƙwayar cutar ta daina jin sa, sai Nijeriya ta sake tsari a 2005, ta koma ga haɗin magunguna masu atimisinin. Likitan da ya tsaya a kan abin da aka koya masa a aji kafin wannan shekara, zai rubuta wa yaro maganin da ba zai warkar da shi ba, yana kuma tsammanin daidai ya yi. Uwar yaron ba ta da hanyar gane haka. Lasin nan shi ne idonta.

Amma fa, ba girin-girin ba, ta yi mai. In sabuntawa ta zama biyan kuɗi da karɓar rasit, an ɓata manufarta. Haka kuma likitan da ke shi kaɗai a asibitin karkara, in ya tafi birni kwas, wa zai bar wa majinyata? Don haka muna kira ga majalisun nan da su kai kwasa-kwasan kusa da ma'aikata, su kuma tabbatar an koyi abin da aka je koyo. Gwamnatocin jihohi su ɗauki nauyin ma'aikatansu, su ba su lokaci. Jami'o'inmu, musamman masu asibitin koyarwa, su buɗe ƙofa ga tsofaffin ɗalibansu.

Mu kuma 'yan'uwa ɗalibai, tun yanzu kowa ya nemi sanin dokar majalisar sana'arsa, da ranar da lasi ke ƙarewa. Gemu ba ya hana ilmi. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.