Kiwon Sha'awa da Haƙƙin Abin Kiwo

A ƴan shekarun nan wani irin kiwo ya samu gindin zama a Yamai da Maraɗi da Damagaram, wanda ba don layya ko don kasuwa ake yin sa ba. Matashi zai sayi ɗan kwikwiyo irin na Turai, ko aku, ko kunkuru, ya ɗauke shi hoto, ya yaɗa a Facebook, abokai su yaba. Sha'awar dabba ba aibi ba ce, domin Bahaushe ya daɗe yana kiwon tantabaru da dawaki don nishaɗi. Inda gizo ke saƙa shi ne, mai saye yakan tambayi kuɗin dabbar, ya manta da tambayar shekarun da za ta yi a hannunsa da abin da za ta buƙata a cikinsu.

Harshen Hausa ya riga ya bambanta mallaka da kulawa. Akwai mai shanu, akwai kuma makiyayi. Na farko ya ba da dukiyarsa, na biyu ya ba da yininsa. Kalmar da ake faɗa a kiwon awaki ita ce kuma ake faɗa a kiwon lafiya, domin ma'anarta ta ƙunshi tsaro da lura. A kiwon sha'awa, dole mai dabba da makiyayinta su zama mutum guda. Wanda ya amince da matsayi na farko, ya guje wa na biyu, bai cancanci a kira shi mai kiwo ba.

A ɗauki aku, wanda ɗaliban kimiyyar harshe suka fi kowa sanin labarinsa. A shekarar 1977 wata masaniya Ba'amurkiya, Irene Pepperberg, ta sayi aku mai launin toka da jan wutsiya, ta raɗa masa suna Alex, ta yi shekara 30 tana nazarinsa har ya mutu a 2007. Ya iya faɗin sunayen launuka da siffofi, yana kuma ƙidaya abubuwa kaɗan. Har yau masana na jayayya kan ko abin da ya yi ya kai a kira shi harshe, amma babu mai musun kaifin ƙwaƙwalwarsa. Wannan tsuntsu ɗan kurmi ne, daga dazuzzukan Gana da Kamaru da Kwango, inda yake rayuwa cikin babban taron ƴan'uwansa. In an kulle shi shi kaɗai a ƙaramin keji, kaɗaici kan sa ya riƙa fige gashin jikinsa. In gyaɗa kawai ake zuba masa, ba ganye ba ƴaƴan itace, yakan rasa sinadarin kalsiyam har ya riƙa faɗuwa yana karkarwa. Yana iya yin shekara 40 ko fiye a hannun mutane, ke nan ɗalibin da ya saye shi yau zai iya aurar da ƴaƴansa akun na nan da rai. Ban da haka, yawan kama shi ya sa a 2016, a taron Johannesburg, ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CITES suka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Mai saye da bai binciki asalin tsuntsun ba yana iya zama abokin aikin masu fasa-ƙwauri bai sani ba.

Haka lamarin yake ga babban kunkurun Sahel, wanda ake saye yana ɗan ƙarami kamar tafin hannu. Yakan haura shekara 50, nauyinsa ya wuce kilo 40, kuma ɗabi'arsa ce ya haƙa rami mai zurfi don ya tsere wa zafi. Tsakar gidan da aka dafe da siminti kurkuku ne a gare shi.

Batun karnuka ya fi shafar jama'a. Karen Jamus da ake kira berje, da haski na Sibiriya, gashinsu ruɓi biyu ne, an kuma tsara jikinsu don ƙasashen sanyi. Kare ba ya gumi kamar mutum. Da haki yake fitar da zafin jikinsa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗaure irin wannan kare da sarƙa a rana, da kwanon ruwan da ya ɗau zafi, azabtarwa ce ko da mai shi bai yi nufin haka ba. Abin mamaki, yankin Azawak da ke arewacin jihar Tawa yana da karensa na asali, siriri mai dogayen ƙafafu da gajeren gashi, wanda Abzinawa suka daɗe suna tsaron zango da farauta da shi. Tun shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, yau kuma yana cikin jinsunan da ake ji da su a can. Ana shigo da wanda zafi ke galabaitarwa, ana raina wanda ƙasar ta haifa. Sai dai shi ma yana buƙatar filin gudu, bai dace da ƙaramin gidan haya ba.

Wani zai ce, a ƙasar da mutane ke neman abin sawa a baki, wa ke da lokacin tausayin kare? Wani kuma zai ce kuɗinsa ne, dabbarsa ce, babu ruwan kowa. Amsar duka biyun ɗaya ce: sakacin mai kare ba ya tsayawa a ƙofar gidansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar karnuka, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya a tsira. Karen da aka gaji da ciyarwa aka sake a titi, ba tare da rigakafi ba, yaron maƙwabci ko almajiri zai fara cizo. Wanda aka ciza kuwa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya garzaya asibiti nan take, kada ya tsaya ga dauri ko jiƙo.

Abin da ake nema daga mai sha'awa bai fi ƙarfinsa ba. Kafin ya miƙa kuɗi, ya san shekarun da dabbar ke yi da abincin da ya dace da ita. Ya san inda likitan dabbobi yake, ya kai kwikwiyo allurar farko tun yana da sati 6 zuwa 8, ta haukan kare kuma idan ya kai wata 3, ya riƙa sabunta ta. Ya riƙa cire masa kaska, ya tanadi inuwa da ruwa mai sanyi. Ɗalibi kuma ya tambayi kansa wa zai riƙe dabbar idan an tafi dogon hutu, ko idan aiki ya kai shi wani gari. Ya kamata hukumomin birane su ma su tilasta nuna takardar rigakafi a duk inda ake sayar da karnuka.

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya yi wannan lissafi ya ga zai iya, ya yi kiwonsa, zai kuma sami abokin zama mai amana. Wanda ya ga ba zai iya ba, haƙurinsa alheri ne ga dabbar da kuma yaran unguwa.