Jami'ar Ilimi ta Kontagora: A fara da malamai kafin komai

Duk wanda ya san garin Auna, a Ƙaramar Hukumar Magama ta Jihar Neja, ya san labarin madatsar ruwansa. Tun a shekarun 1980 aka soma aikin a kan kogin Kontagora, tare da alƙawarin noman rani ga manoman yankin. Gwamnatoci suka zo suka shuɗe, yaran da aka haifa a lokacin suka girma suka yi iyali, ana ta jira. Mutanen Auna sun koyi cewa bayyanar sunan aiki a kasafin kuɗi daban, isar ruwa gona daban. Wannan darasi ne nake so mu riƙe yayin da muke duban makarantar horar da malamai da ke Kontagora.

An kafa makarantar a 1978, ta daɗe a matsayin Kwalejin Ilimi ta Tarayya, kafin a ɗaga darajarta zuwa Jami'ar Ilimi ta Tarayya. Jama'ar masarautar Kontagora sun yi murna, kuma sun cancanci yin murnar. Sai dai sauya allon bakin ƙofa aikin yini guda ne, tara malaman da za su riƙe jami'a kuwa aikin shekaru ne. Ma'aunin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannin ilimi. Ya kuma tanadi kashi 20 cikin ɗari na malamai su kasance a matakin farfesa, kashi 35 manyan malamai, sauran kashi 45 kuma na ƙasa da su. Kowace kwaleji da ta zama jami'a, a Kontagora take ko a Kano ko a Zariya, sai ta haura wannan tudu.

Me ya haɗa manomin Auna da wannan lissafi? Malamin da ke koya wa ɗansa karatu a firamare, a Auna ko Salka ko Nasko, daga irin wannan makaranta yake fitowa, domin takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya. Idan sashen lissafi ba shi da isassun malamai a yau, nan da shekara huɗu ko biyar yaron ƙauye ne zai zauna a gaban malamin da bai ƙware ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarar shi ma sai an koya masa.

Kuɗin manyan makarantun tarayya kashi uku ne: na albashi, na gudanarwar yau da kullum, da na manyan ayyuka. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana gina ajujuwa da ɗakunan gwaji, yana kuma ɗaukar nauyin ƙaro karatun malamai, amma ba ya biyan albashi. Shi ya sa ake iya ganin sabon gini mai ƙyalli a harabar makaranta alhali babu wanda zai tsaya a gaban allonsa. Gini yana da ranar buɗewa da ɗaukar hoto. Ɗaukar malamin kimiyyar sinadarai ba shi da biki, don haka ba kasafai yake jan hankalin masu mulki ba.

Shekaru da dama shugabannin makarantu suna da uzuri mai ƙarfi. Bayan an shigar da su tsarin biyan albashi na IPPIS, cike gurbin malamin da ya rasu ko ya yi ritaya ya koma jeka-ka-dawo tsakanin ofisoshin Abuja. Wannan na cikin dalilan yajin aikin wata takwas da ƙungiyar ASUU ta yi a 2022, shekarar da ita ma COEASU ta malaman kwalejojin ilimi ta ajiye alli. A Disambar 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a fitar da jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi daga tsarin. Wannan mataki ya mayar da kaso mai yawa na alhakin ɗaukar ma'aikata hannun majalisun gudanarwar makarantu da shugabanninsu.

A nan ne tsorona yake. Kowa ya san yadda ake kallon aikin gwamnatin tarayya a ƙasar nan: rabon ganima. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin ɗin gurabe, sai takardun manya su fara sauka a kan teburin shugaban makaranta. Mafi yawan waɗanda ake turowa ba koyarwa suke nema ba, kujerar ofis suke so. A 2023 sai da Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti na musamman don binciken cinikin guraben aiki a ma'aikatu da hukumomin tarayya. A Agustan 2025 kuma, lokacin da gwamnati ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na tsawon shekara bakwai, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ba da misalin wata jami'a a Arewa mai ma'aikata 1,200 da ɗalibai ƙasa da 800. Albashin da aka kashe a kan ma'aikacin da ba a buƙata, gurbin malami guda ne aka toshe, kuma zai ci gaba da toshewa har ranar ritayarsa.

Za a ce makarantar da ke cikin al'umma dole ta samar wa 'ya'yan al'ummar aiki. Gaskiya ne, kuma ƙa'idar raba daidai da ke cikin kundin tsarin mulki ta san da hakan, musamman a ƙananan muƙamai. Amma babbar ribar da Kontagora, Magama, Rijau da Mariga za su ci daga jami'ar ita ce malaman kirki a makarantunsu. Hanyar shigar ɗan yanki aikin koyarwa a buɗe take: a riƙe haziƙan ɗaliban da suka kammala, a tura su ƙaro digiri na biyu da na uku da tallafin TETFund, su dawo su riƙe sassansu.

Saboda haka ina da shawarwari huɗu ga majalisar gudanarwar jami'ar, da ma takwarorinta. Na farko, a riƙa wallafa adadin malamai da ɗalibai na kowane sashe duk shekara, tare da adadin ma'aikatan da ba sa koyarwa, domin jama'a su gani da idonsu. Na biyu, kada a cike gurbi sai an tallata shi a fili, kuma buƙatar ta taso daga sashen da ke da giɓi. Na uku, a fifita fannonin da makarantun karkara suka fi ƙishirwa: lissafi, kimiyya, Turanci da koyar da ƙananan yara. Na huɗu, a ware kuɗi na musamman don duba ɗalibai masu gwajin koyarwa, ta yadda malamin jami'a zai taka har Auna ya ga ɗalibinsa a aji, maimakon a sa hannu a takarda daga ofis.

Ita ma gwamnatin tarayya da nata nauyin. Malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba zai zauna ba, komai tsaftar hanyar da aka bi aka ɗauke shi. Sarakuna da 'yan majalisarmu kuwa, babban taimakon da za su yi wa jami'ar shi ne su nemo mata kuɗin ɗaukar malamai, sannan su bar ta ta zaɓi waɗanda suka cancanta. Mutanen Auna sun daɗe suna jiran ruwan madatsa. Bai kamata 'ya'yansu su yi irin wannan jira kafin malami ya iso ajinsu ba.