Ra'ayinmu: Kada mu haɗa wa mai ciwon hanta da yunwa

A gidaje da dama a Maraɗi, Damagaram da Tawa, da zarar idanun mutum sun yi rawaya aka ce shawara ce, sai a hana shi nama, ƙwai, wake da madara, a bar shi da kunu tsurarsa da jiƙe-jiƙe. Ƙauna ce ke sa dangi yin haka, amma ga wanda hantarsa ta daɗe da ciwo, wannan hanin na ƙara kayar da shi.

Hanta ce rumbun jiki. A cikinta ake ajiye sukarin da mutum ke amfani da shi tsakanin ci da ci. Idan ta ƙeƙashe, kamar yadda ƙwayar hepatit B ke jawowa bayan shekaru, rumbun ya kan ƙanƙance, jiki ya koma cin tsokarsa cikin dare. Shi ya sa ake ganin majinyaci da kumburarren ciki amma damatsa sun tsotse.

Ƙungiyoyin likitocin hanta na Turai da Amurka sun bar tsohuwar shawarar rage furotin. Yanzu suna cewa mai ƙeƙasasshiyar hanta ya samu giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa kowace rana. Mai kilo 60 ke nan na buƙatar giram 72 zuwa 90, alhali ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal. Wake, awara, kifi, ƙwai da dafaffen nono duk suna kasuwanninmu. A riƙa ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, a ƙara da wani abu kafin kwanciya, ko da kofin fura da nono ne. Mai niyyar azumi ya fara jin ta bakin likitansa.

Gishiri ne abin ragewa, musamman idan ruwa ya taru a ciki: kada ya wuce kimanin giram 5 a yini, wato cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen magi, kanwa da kilishi duk suna cikin lissafi. Giya a bar ta kwata-kwata. Gujiya da masarar da suka yi fumfuna na ɗauke da gubar aflatoksin, wadda idan ta haɗu da hepatit B take ninka haɗarin kansar hanta. Diklofenak da ibuprofen na ƴan tebur kuwa na iya taɓa ƙoda ko jawo zubar jini.

Ƴan uwanmu da ke Aljeriya, Libiya, Abijan ko Legas, kuɗin da kuke turowa su ne sau da yawa ke riƙe majinyaci. Ku tambayi inda suke tafiya. Jikkunan da ake zubawa a kwalaben “wankin hanta”, waɗanda ba a san abin da ke ciki ba, sun fi amfani a awon jini, ganin likita da kwanon wake.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya da ta sa kowane majinyacin hanta ya bar asibiti da bayanin abinci cikin harshen da yake ji, da kwano da cokalin da ya sani. Mu kuma matasa, kada mu jira 28 ga Yuli, ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya, kafin mu yi gwajin hepatit B. Wanda bai kamu ba, akwai allurar riga-kafi.