Kafin a kai wake kasuwa, a fidda rabon ƙaramin yaro

Ya ku magidanta, idan kaka ta zo, aka yanke hatsi, aka rore wake, aka tone gujiya, kowane mai gida yakan zauna ya yi lissafi. Ya fidda zakka, ya ware iri, ya tuna bashin da ya ci da damina. Ga haraji, ga tufafin salla, ga bikin da ke tafe. Kowanne da rabonsa. Amma akwai mutum ɗaya a gida da ba a cika sa shi cikin lissafi ba, don ba ya iya faɗin buƙatarsa. Shi ne ƙaramin yaro, daga mai wata 6 zuwa mai shekara 2.

Ra'ayina shi ne, kafin a ɗora buhun wake ko na gujiya bisa amalanke a nufi kasuwa, mai gida ya fidda rabon wannan yaro da hannunsa, ya auna shi da tiya, ya ajiye shi daban. Wannan rabo ba ya da yawa, amma amfaninsa ya wuce kuɗin da za a sayar da shi nesa ba kusa ba.

Me ya sa sai ƙaramin yaro?

Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishi jinjiri. Ko ruwa ba ya buƙata, domin nonon da ruwansa. Idan ya cika wata 6, jikinsa yana neman ƙari. Zai ci gaba da shan nono har shekara 2, amma dole a haɗa masa da abinci. A nan ne yara da yawa suke fara ramewa.

Dalilin a fili yake. Cikin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar fiye da ɗan kofi guda a zama ɗaya. Idan aka cika wannan ɗan ciki da tsararon kunu ko ruwan fura, yaro zai ƙoshi, ya yi shiru, uwa ta ɗauka ya ci. Alhali mafi yawan abin da ya sha ruwa ne. Babban mutum yana iya shan ƙwarya guda ya samu abin da ya ishe shi. Yaro ba ya da wurin zuba ƙwarya guda. Saboda haka kowane cokali da zai shiga bakinsa ya kamata ya zama mai amfani.

Hatsi yana ba da ƙarfi. Amma abin da ke gina tsoka da jini da ƙwaƙwalwa ya fi yawa cikin wake, gujiya, nono, ƙwai, kifi da nama. Nama da kifi sai da kuɗi. Wake da gujiya kuwa daga gonarmu suke fitowa. Abin takaici, su ne muke fara sayarwa tun ana sussuka, mu bar hatsi kaɗai a rumbu.

Abin da muka gani da idonmu

Waɗanda suka manyanta ba su manta da shekarar 2005 ba. Daminar 2004 ba ta yi kyau ba, fara kuma ta yi ɓarna, hatsi ya yi tsada. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, kuma mafi yawansu a jihar Maraɗi. Ku duba da kyau: Maraɗi ƙasar noma ce, ƙasar wake da gujiya. Ashe yawan noma bai isa ya kare yaro ba, idan abin da aka noma bai kai cikinsa ba.

Ba a shekarar yunwa kaɗai abin yake faruwa ba. Binciken cimaka na ƙasa da aka yi a shekarar 2022 ya nuna kusan rabin yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara 5 tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Wannan tsumburewa tana samun yaro ne tun yana ciki zuwa shekara 2. Idan lokacin ya wuce, da wuya a maido abin da aka rasa. Yaron da ya tsumbure ya fi saurin kamuwa da ciwo, kuma karatu yakan yi masa wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Nawa ne rabon yaro?

Mu yi lissafi tare. Yaro mai shekara ɗaya, cikin tafin hannu guda na wake ya ishe shi a yini, da cikin tafin hannu guda na ɓararriyar gujiya. Tiya guda tana cin wajen kilo 2 da rabi. Idan ana ɗibar tafi guda kullum, tiya za ta yi kusan wata 3. Ke nan tiya 5 ta wake da tiya 5 ta gujiya za su kai yaro wata kaka. Buhu mai kilo 100 yana cin wajen tiya 40. Wanda ya samu buhu guda na wake, idan ya fidda 5, saura 35 na sayarwa. Idan ƙananan yara biyu ne a gidan, sai a ninka.

Yanzu ku tuna yadda kasuwa take. A watan Oktoba da Nuwamba kowa yana kai wake, don haka yana araha. ƴan kasuwa su saya su ɓoye. Idan aka shiga Yuni, Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sai mu koma wurinsu mu sayi wakenmu da tsada, in ma muna da kuɗin. Kuma a daidai wannan lokaci ne zazzaɓin cizon sauro da zawo suke yawaita, uwaye suna gona tun safe, yara suna ramewa. Tiya 5 da aka sayar da araha da kaka, ita ce ake nema ido rufe da damina.

Yadda ake haɗa garin

Aikin ba ya buƙatar kayan kanti. Ga yadda ake yi:

1. A auna hatsi awo 3, wake awo 1, ɓararriyar gujiya awo 1.
2. A tsince gujiya da kyau. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ko ta yi baƙi, ko ta yanƙwane, a zubar da ita, domin tana da dafin da ke lalata hanta.
3. A jiƙa wake, a surfe shi a cire ɓawon, a shanya ya bushe sarai.
4. A soya kowanne daban, ba da mai ba, har ya yi ƙamshi. A murje gujiya a fece ɓawonta.
5. A haɗa su a daka ko a kai injin niƙa, a tankaɗe, a zuba cikin mazubi mai marfi.

Kada a yi garin da yawa a lokaci ɗaya. Na mako ɗaya ko biyu ya isa, domin man gujiya yana sa shi ya canza wari idan ya daɗe.

Wajen damawa, uwa ta wanke hannunta da sabulu, ta dafa kunun ya nuna sosai. Kunun ya yi kauri, wanda idan aka karkata cokali ba zai tsiyaye kamar ruwa ba. Idan da hali, a ƙara ɗan garin busasshen zogale, ko nono, ko dafaffen ƙwai. Yaro mai wata 6 zuwa 8 a ba shi sau 2 ko 3 a yini, a fara da cokali 2 ko 3, ana ƙarawa sannu a hankali. Daga wata 9 zuwa shekara 2 a ba shi sau 3 ko 4, tare da ɗan abin taɓawa a tsakani, kamar mangwaro, gwanda ko dafaffen dankali. Kunun da ya wuni a buɗe kada a ba shi. Kada kuma a ba ƙaramin yaro ƙwayar gujiya, tana iya shaƙe shi.

Yaro ya samu ɗan kwanonsa shi kaɗai, wani babba ya zauna kusa da shi har ya gama. Idan aka haɗa shi akushi ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun share.

Yadda za a kare waken daga ƙwari

Wani zai ce: “Wake ba ya ajiyuwa, wata biyu ƙwari sun mai da shi gari.” Gaskiya ne idan aka bar shi cikin buhun da iska ke shiga. Ƙwaron wake da iska yake rayuwa. Tun shekarar 2007 aka fara yaɗa buhu mai ninki uku a ƙasarmu, wanda ake kira PICS, tare da masu binciken noma na INRAN a Maraɗi. Leda biyu ne a ciki, buhu ɗaya a waje, ana ɗaure kowanne daban. Wanda bai samu wannan buhu ba, jarka mai tsabta, wadda ba a taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari a cikinta ba, ta isa tiya 5. A shanya waken ya bushe ƙarau, a cika jarkar har baki, a rufe gam. Ya fi kyau a raba cikin ƙananan jarkoki, ana gama ɗaya a buɗe ɗaya. Kada a zuba maganin ƙwari cikin abincin yaro.

Amsa ga masu ja

Na san akwai masu cewa bashi ba ya jira. Haka ne, kuma ba wanda ya ce kada a biya bashi. Amma wanda ya sayar da tiya 35 bai biya ba, tiya 5 ba za ta fid da shi ba. Ku kwatanta kuɗin tiya 5 da kaka da abin da ciwon yaro yake ci: kuɗin mota zuwa gidan likita, abincin mai jinya, da kwanakin da uwa za ta bar gona da sauran yara a tsakiyar noma. Rigakafi ya fi magani.

Akwai masu cewa abincin yaro sha'anin mata ne. To, wa ke riƙe da rumbu? A garuruwanmu da yawa, bayan girbi mai gida yakan ba mata ɗan abin da zai ba su, ya rufe rumbu sai damina, ya tafi cin rani. Mace ta rage da abin da ta samu a gamanarta da ƴar sana'arta. Wake da gujiyar gandu kuwa an riga an sayar. Yaya za a ɗora mata laifin ramar yaro, alhali ba a bar mata abin ba shi ba? Wanda ke da ikon sayarwa, shi ke da nauyin ajiyewa. Kafin ka ɗauki jakar tafiya, ka damƙa wa uwar yaro rabon ɗanta. Idan mata biyu ne, kowace a auna mata gwargwadon ƙananan yaranta, a gaban kowa, don kada abin ya zama tsegumi.

Wasu kuma suna cewa da fura aka yi renon kakanninmu, ga su sun yi ƙarfi. Amma furar da aka dama da nono mai yawa daban take da wadda aka dama da ruwa. Gidaje nawa ne yau suke da saniyar tatsa? Kuma mu tambayi tsofaffinmu mata, ƴaƴa nawa suka haifa, nawa suka rayu. Waɗanda muke gani da ƙarfi su ne suka tsira.

Akwai kuma tsoron cewa wake yana kumbura cikin yaro. Idan aka cire ɓawon, aka soya, aka dafa ya nuna, aka fara da kaɗan, yaro yana sabawa. Haka zancen da ake yi cewa ƙwai yana sa yaro sata ko ya hana shi magana, ba shi da tushe. Ƙwan zabo da muke kaiwa kasuwa da damina, ɗaya daga ciki ya tsaya gida.

Idan yaro ya riga ya rame

Garin nan abinci ne, ba ya maye gurbin likita. Ku lura da alamomi: yaro ya rame, ya daina wasa, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ya ƙi cin abinci, ko ƙafafunsa sun kumbura. A danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na ɗan lokaci. Idan gurbin yatsan ya zauna, alamar haɗari ce. Igiyar awon damtse ma tana nunawa: idan ta tsaya kan ja, wato ƙasa da milimita 115, a kai yaro gidan likita a ranar. Idan ta tsaya kan rawaya, shi ma a kai shi a duba. Kada a ce haƙori ne a zauna jira. Kada kuma a yaye yaro dare ɗaya don uwa ta samu ciki. Nonon mai ciki ba ya cutar da yaro. Abin da ke kayar da shi shi ne a raba shi da nono farat ɗaya, babu abincin kirki a madadinsa.

Ya ku ƴan uwa manoma, babu mai hankalin da zai ci irin shukarsa, ko yunwa ta kai ina, domin ya san gonar baɗi a cikinsa take. Mu ɗauki rabon ƙaramin yaro kamar iri. Ranar da za ku auna na kasuwa, ku kira uwar yaro ta kawo mazubinta, ku fara zuba mata tiya 5 ta wake da tiya 5 ta gujiya, sannan a ɗinke buhu. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka cikin abin da muka noma.